Mai Kwali da Bangon Kafinta

Ranar Litinin da hantsi wani tsohon kafinta ya shigo shagon sayar da kyamara. Sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya karkaɗe garin katako daga hannun rigarsa, don kada ya ɓata musu daɓe, sannan ya ƙaraso gaban kanta. Buƙatarsa ɗaya ce, kuma bai ja ta da tsawo ba. Asabar mai zuwa za a rushe layin shagunan da ya shekara arba'in da ɗaya yana aiki a ciki, za a faɗaɗa titi. 'Yarsa tilo tana aure a wata ƙasa mai nisa, ta ce ba ta son tebur, ba ta son kujera, hoton bangon da yake rataye kayan aikinsa kawai take so, babba, wanda za ta kafa a falonta 'ya'yanta su riƙa gani. A gindin bangon nan ta yi rarrafe. Kuma shi da kansa yake so ya ɗauka, domin abin da zai aika wa 'yarsa bai ga dalilin da hannun wani zai yi shi ba. Wayarsa irin mai maɓalli ce, ko hoton kaza ba ta iya ɗauka.

Mutum biyu ne a bayan kantar. Akwai mai shagon, matashi ne da ya gaji wurin daga mahaifinsa, sai kuma matar da duk layin ake kira Mai Kwali. Shi Anti yake ce mata, don ya buɗi ido ya tarar da ita a nan. Ita kuwa Miliyan take ce masa, a gabansa da bayan idonsa, saboda ba ya iya haɗa magana biyu a kan kyamara ba tare da miliyan ta faɗo ciki ba. Suna mutunta juna, suna kuma yi wa juna gardama tun safe har a rufe ƙofa.

Sunan nata daga wani gwangwanin biskit ya fito, wanda take ajiyewa a ƙarƙashin kanta. A cikinsa akwai gutsattsarin kwali masu kusurwa huɗu, ta yanka kowanne daidai girman sensar wata kyamara, wato ɗan farantin nan na ciki da yake karɓar haske a inda fim yake zama a da. Babban cikinsu bai kai fuskar kwalin ashana ba. Na tsakiya bai kai rabin babban ba. Ƙaramin kuwa, farcen ƙaramin yatsa ya rufe shi tsaf. A bayan kowanne ta rubuta da fensir kyamarorin da suke ɗauke da shi, ta goge ta sake rubutawa har kwalin ya yi laushi.

Ba da wasa ta fara yanka kwalin ba. Mahaifinta mai wankin hoto ne tun zamanin fim, a ɗan ɗakin duhunsa ta koyi riƙe fim ta gefe don kada yatsa ya ɓata shi. Ta sha jin sa yana cewa babban fim ya fi ƙarami riƙe fuska. Da kyamarori marasa fim suka shigo, ita kuma ta fara aiki a shagon, sai ta manta da wannan magana, ta bi lambar miliyoyin ɗigon hoto kamar kowa. Ta sayi wata 'yar ƙarama mai shiga aljihu, wadda lambar da aka manna a gabanta ta fi ta duk na kan kanta. A shekarar ce mahaifin ya kwanta ciwon ajali. Haske yana damun idonsa, labule a sake kullum, ba halin kunna filasha. Ta ɗauke shi hoto sama da talatin a ɗakin nan, tana dubawa a ɗan allon bayan kyamarar tana ganin lafiya lau. Bayan rasuwarsa ta kai aka wanke. Fuskar kamar an shafa jiƙaƙƙen yatsa a kan tawada, ga ɗige-ɗige ja da kore ko'ina. Ko tamojin goshinsa babu guda da ya fito. Ta yi kuka ranar fiye da ranar da aka binne shi. Wani mai gyara ya buɗe mata matacciyar kyamara irin tata, ya nuna mata ɗan abin da aka dogara da shi, ta dube shi ta sake dubawa, ta koma gida ta nemi almakashi.

Shekara goma sha tara ke nan. A cikinsu ta zama mai wa'azin girman sensa, kuma wa'azinta ba shi da gajere. Mutum ya shigo sayen batir na minti biyar, ya fita bayan awa guda yana tuhumar wayar da ke aljihunsa. Mijinta yana tsokanarta cewa ko tukunya za a saya a gidan sai ta tambayi hasken da take kamawa. 'Ya'yanta biyu sun iya karatun tun kafin su iya ɗaura igiyar takalmi, idan ta fara sai su haɗa baki su ƙarasa mata. Amma gaskiya a faɗe ta, cikin goma tana dacewa tara. Masu ɗaukar biki, da iyayen da ke bin yara filin ƙwallo da yamma, da wata mai ɗinki da ke tallar aikinta, duk sun dawo sun yi mata godiya. Wannan godiyar ce ta yi mata illa a hankali. Ta daɗe tana da gaskiya har ta daina sauraron ƙarshen tambaya.

Miliyan ne ya fara tarar kafintan. Ya zaro wata 'yar baƙar kyamara sabuwa, ya ɗora masa a tafin hannu, ya shiga lissafa mata kirari: ɗigo miliyan ashirin, ga jawo nesa kusa, ga na'urar hana rawa a ciki, ga rashin nauyi, da kanta take nemo abin da za ta fayyace. Tunda hoto babba ake so, in ji shi, ai yawan ɗigo ne magana. Mai Kwali ta bar shi ya kai aya, tana goge gilashin kanta da bai yi datti ba. Sannan ta gaida tsohon, ta tambaye shi yadda hasken shagonsa yake. Ya ce taga ɗaya ce, ita ma wani bene da aka gina ya tare ta, sai ƙwan lantarki guda a sama. Miliyan ya ji haka ya ja da baya, don ya san gwangwani zai fito.

Ta jera kwali biyu a gabansa, ƙaramin da babban.

"Baba, wannan ƙaramin shi ne a cikin wadda yaron nan ya ba ka. Ka ɗauka ɗaki ne mai taga ɗaya aka cusa mutum ashirin, kowa ɗan tsinken haske zai samu. Wannan kuma babban falo ne, mutum goma sha biyu kacal a ciki. A rana tsaka duk ɗaya suke, kowa ya ƙoshi. Amma a wuri irin naka, na ƙaramin ɗakin nan sai su fara ƙirƙiro abin da ba su gani ba."

Kafintan ya yi dariya, ya ce ya taɓa zama gidan haya, ya gane. Ya ɗauki babban kwalin yana juyawa, yana yaba yadda aka yanka kusurwar daidai. Kwalin yana kaɗawa a tsakanin yatsunsa kamar ganye. Mai Kwali ta gani. Idonta ya sauka a kai, ya wuce, domin bayanin ya yi mata daɗi a baki kuma ta samu mai saurare na ƙwarai.

Ta shiga ciki ta fito da wata tsohuwar kyamara ta hannu, ƙatuwa, wadda wani mai ɗaukar biki ya bari da ya canza sabuwa. Ɗigonta miliyan goma sha biyu ne, amma sensarta girman babban kwalin ce. Ta ce goma sha biyu masu tsabta sun isa a wanke hoto mai girman rabin ƙofa, kuma a nan ma gaskiya ta faɗa. Ta ɗaura mata gilashin da ya fi buɗewa, ta buɗe shi har ƙarshe don haske ya shiga da yawa, ta manna salatif a kan abin murɗawar don kada tsohon ya taɓa ya ɓata. Ta nuna masa maɓalli ɗaya, ta ce wannan kawai zai danna. Da ta miƙa masa, hannunsa ya yi ƙasa da nauyin kafin ya tallafe da ɗayan.

Miliyan ya matso kusa da kunnenta. "Anti, hannunsa fa."

Ta ce masa ai shi ya sa ta buɗe gilashin, kafin hannu ya motsa an riga an ɗauka. Ta ƙara da cewa ya je ya ƙirga miliyoyinsa. Bai ja ba. Kafintan ya yi musu sallama, ya rataya kyamarar a wuya, ya fita yana ɗan sunkuyawa.

Alhamis da azahar ya dawo, ya sa rigar fita, fuskarsa a sake. Ya ce ya ɗauki arba'in da wani abu tun Talata, ya duba a ɗan allon ya ga sun yi, a zaɓa masa wanda ya fi a wanke. Mai Kwali ta zare katin ajiyar hotuna daga kyamarar ta sa a kwamfuta, ta juyo masa da allon don su gani tare.

Hoton farko ya buɗe. Launinsa ya yi kyau, ruwan ƙasa mai ɗumi, babu ɗigon datti ko ɗaya, duhun ma sumul. Kuma abu ɗaya tak ya fito sarai a cikinsa, wato kan wata ƙusa a jikin katakon ƙofa, har tsatsarta ana gani. Duk abin da ke bayanta ya narke. Na biyu, gefen teburin aiki ne ya fito, bangon kuma hazo. Na uku, mariƙin zarto na farko, sauran babu. Da ta ci gaba, sai ta ga hannunsa ya gaji da nauyi, komai ya koma bibbiyu. Sai a lokacin ta lura da abin da ba ta tambaya ba ranar Litinin. Shagon siriri ne, dogo, bangon ya miƙe ne daga ƙofa zuwa ƙurya, babu inda mutum zai ja baya ya fuskance shi. Dole ta gefe za a ɗauka. Babbar sensa kuwa, idan aka buɗe gilashinta har ƙarshe, ɗan siririn yanki kawai take fayyacewa, na gabansa da na bayansa su dushe. Masu ɗaukar amare saboda wannan suke son ta. Tsohuwar kyamara ce kuma, a duhu sai ta yi ta lalube, ta kama abin da ya fi kusa. Duk wannan Mai Kwali ta sani, ta ma koya wa wasu. Ita ce kuma ta manna salatif ɗin.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wata gaskiya mai sauƙi da ta zo mata a makare: zarto ba ya numfashi, guduma ba ta juya kai. Mahaifinta mai rai ne a kwance, dole a ɗauke shi da sauri, shi ya sa ƙaramar sensa ta gaza. Bango kuwa zai jira. Da ta ba tsohon 'yar ƙaramar nan, ta ce ya ajiye ta a kan tebur ya saita ta ta ɗauka da kanta, ta sha haske na daƙiƙa biyu ko uku a natse, da komai ya fito daga ƙofa har ƙurya, domin ƙaramar sensa ba ta da wannan zaɓen na fayyace siririn yanki kawai. Ciwonta na shekara goma sha tara ta duba ta rubuta wa wani magani.

Kafintan yana ta matso da fuskarsa kusa da allon, yana cire tabarau yana mayarwa. Ya tambaya a hankali ko shi ne ya danna ba daidai ba.

"A'a Baba, daidai ka danna. Ni ce na ba ka abin da bai dace da kai ba. Tashi mu je yanzu, a sake."

Sai ya ce jiya ya raba kayan. Da ya ga hoto ya samu, sai ya kira waɗanda ya koya wa aiki a tsawon shekarun nan, kowa ya zo ya ɗauki rabonsa. Wasu daga wasu garuruwa suka zo, sun koma a motar yamma. Wasu kayan ma bai riƙe wanda ya ɗauka ba, don an yi ta hira ana dariya. Ya faɗi haka ba tare da zargi ba, yana ma neman ya ba ta haƙuri, kuma wannan ya fi zagi zafi a wurinta.

Miliyan yana tsaye a gefe, ya ji komai. Yau ce ranar da zai rama gardamar shekara da shekaru, amma bai rama ba. Mai Kwali ta miƙa hannu kan kanta, a gaban idonsa, ta ɗauko 'yar baƙar kyamarar da ta kushe. Shi kuma ya shiga ciki ya fito mata da ƙafa uku, irin wadda ake ɗora kyamara a kai, ya sa mata batir mai caji, ya ce ta tafi, zai kula da shago. Ba ta san abin da za ta je ta ɗauka ba. Zama ne dai ba za ta iya ba.

Tafiyar ba nisa, amma da ƙafar tsoho ta ɗauke su lokaci. Layin nasu an riga an fara cire rufin shagunan farko, an shafa jan fenti a kowace ƙofa. Ya buɗe kwaɗo, ya kunna ƙwan. Wurin ya fi yadda ta zata ƙunci, mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa sai ɗaya ya karkace. Teburin aikin yana nan, don ya fi ƙarfin ƙofar, a ciki aka haɗa shi. Ƙamshin katako da man goge shi bai fita ba. Ta ɗaga kai ta dubi bangon.

Babu kaya, amma bangon ba fanko ba ne. Shekara arba'in da ɗaya na ƙura da hayaƙin titi sun rina fentin ya koma ruwan toka, sai dai inda wani abu ya rufe. A nan shuɗin farko yana nan, sabo, kuma da siffar abin da ya zauna a kai. Ga zarto huɗu a jere, daga babba zuwa ƙarami, har haƙoransu. Ga guduma, ga awartaki da bakinsa a ɗan buɗe, ga gizago, ga magagari kala-kala. Ƙarƙashin kowace ƙusa akwai shatin mai ita. A wasu wuraren, inda hannu ya saba kaiwa, fentin ya yi baƙi da maiƙon yatsu.

Mai Kwali ba ta yi wa'azi ba. Ta kafa ƙafa ukun a bakin ƙofa, ta ɗaura 'yar kyamarar, ta saita ta yadda za ta sha haske a hankali, ta sa ta jira daƙiƙa goma kafin ta ɗauka. Sannan ta matsa gefe.

"Baba, zo ka danna. Kai ka ce da hannunka."

Ya danna, ya janye hannun, suka tsaya su biyu ba mai motsi har kyamarar ta yi 'yar ƙararta. Suka sake sau biyar. Ta buɗe na ƙarshen ta faɗaɗa shi a ɗan allon, wannan karon ba ta yarda da kallon nesa ba, ta bi shi kusurwa-kusurwa. Komai ya fito, daga ƙusar bakin ƙofa har tsagar da ke ƙurya. Bai kai na babbar laushin launi ba, a can cikin duhun ƙarƙashin tebur akwai ɗan yashi-yashi idan mutum ya ƙura ido. Amma ana iya ƙirga haƙoran kowane zarto da ba ya nan.

Ta so ta ce masa wannan ma ya yi, sai ta ga ba ita ce za ta faɗa ba. Shi kuwa ya bar allon ya koma ga bangon kansa. Ya fara daga ƙofa yana bi da yatsa, yana faɗa mata sunan kowanne da inda ya samo shi. Wannan zarton na maigidansa ne da ya koya masa aiki. Wannan gudumar sau uku yana canza mata ƙota. Wannan awartakin 'yarsa ta taɓa ɓoye shi kwana biyu don kada ya fita aiki ranar da ba ta da lafiya. Ya ce tana ƙarama aikinta ke nan da yamma, ta hau benci ta mayar da kowane abu wurinsa, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Muryarsa ta warware, har yana dariya.

Can wajen tsakiyar bangon ya tsaya. Wani shati ne ɗan ƙarami, mai lanƙwasa a sama, tsakanin magagari biyu. Ya sa yatsa a kai. Ya ja baya ya dube shi, ya matso ya sake dubawa. Jiya da safe abin yana rataye a nan, kuma da hannunsa ya sauke shi ya ba wani. Ya ambaci suna ɗaya, ya girgiza kai. Ya ambaci wani, ya ce a'a, wancan a aljihun tebur yake zama.

Mai Kwali tana tsaye riƙe da ƙafar kyamara. Ta san a cikin hotuna arba'in da wani abu na ranar Talata abin yana nan a wurinsa, a cikin hazon, kuma babu wanda zai iya gane shi. Ta buɗe baki ta ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu ba tare da ya juyo ba.

"Bari, 'yata. Ki wanke shi haka, babba. Idan ya isa wurinta zan tambaye ta. Ita za ta tuna."

Ya daɗe bai ɗauke yatsansa daga wurin ba. Ita kuma ba ta naɗe ƙafa ukun ba sai da ya kashe ƙwan da kansa.